Arba'in da Ɗaya Ba Ta Iso Ba

Tun tana ƙarama ake kiranta Maimaita, kuma mahaifiyarta ce ta laƙaba mata. Sauran yaran gidan, da an fara aikensu kanti sun ce "to" sun ruga, rabin saƙon ya zube a bakin ƙofa. Ita kuwa sai ta tsaya cak, ta kafe uwar da ido.

"Sabulu na ji, ashana na ji. Akwai abin da kika faɗa a tsakani kina juya tukunya. Maimaita."

Uwar ta ɗaga ludayi kamar za ta ƙwala mata, sannan ta sauke. "Gishiri, ja'ira, gishiri!"

Sai a lokacin "to" ɗinta yake fitowa, guda ɗaya, mai nauyi kamar an dire dutse.

Da wannan "to" mai tsada ta girma, da shi ta yi karatun kwamfuta, da shi ta yi aure. Mijinta direban bas ne na cikin gari, yanzu ya ajiye aiki, kuma har gobe yana gaya wa baƙi cewa lasin tuƙi bai ba shi wahalar da amsarta ta ba shi ba.

Lokacin da abin nan ya faru, furfura ta riga ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalinta. Tana aiki a saman bene, a wani dogon ɗaki mai fankoki biyu, ɗaya tana juyawa ɗaya tana kuka. Teburinta na jikin taga. A kansa akwai kofin shayi mai tsagaggen hannu, da wata 'yar shuka a gwangwani wadda kowa ya yanke mata ƙauna ta ƙi mutuwa.

Kamfaninsu yana ƙera wasu 'yan akwatuna da ba su fi tafin hannu ba. Ana liƙa su a cikin firij na kantunan magani, inda ake ajiye allurar masu ciwon sukari da ta rigakafi, irin magungunan da idan suka sha ɗumi suke mutuwa ba tare da sun canza launi ba. Akwatin yakan auna sanyi a kai a kai, ya aika wa babbar kwamfutar ofis ta intanet. Kowane saƙo da lambarsa a goshi: talatin da tara, arba'in, arba'in da ɗaya. Hanyar kuwa ba ta da alƙawari. Wani saƙon ya yi nawa, wani ya riga yayansa isowa, wani ya zo sau biyu kamar mai mantuwa, wani ya tafi ke nan. Maimaita ce ta rubuta ɓangaren manhajar da yake tsaye a bakin shiga, yana karɓar waɗannan baƙi yana jera su. A ofis "ƙofa" ake ce wa ɓangaren, ita kuma mai ƙofa.

Ƙa'idar ƙofar irin ta mai ita ce. Babbar kwamfuta ba ta cewa "na karɓa" sai zuwa inda lambobi suka biyo juna babu tsallake. Idan arba'in ta zo, sai ga arba'in da biyu, sai ga arba'in da uku, amsar da take komawa ita ce "arba'in." Waɗanda suka yi gaggawa su zauna a benci su jira 'yar'uwarsu. Akwatin da ya ji an tsaya a arba'in, ya san arba'in da ɗaya ta faɗi a hanya, sai ya sake turo ta, domin ba ya goge komai daga cikinsa sai an amsa masa. Idan kuwa ta ɓace har abada, batir ya mutu ko cikin akwatin ya cika, to a zanen da mai kanti yake gani a wayarsa layin sanyi yakan yanke, a bar fili fari, sannan ya ci gaba. Wannan farin filin shi ake kira giɓi.

Akwai abu guda a aikin da take so fiye da komai. Ƙidayar akwatin tana da iyaka. Idan ta kai ƙarshe sai ta koma sifili, kamar hannun agogo ya wuce sha biyu ya faɗa kan ɗaya. Ƙofar da ba ta da wayo za ta ga ƙaramar lamba ta ce tsohuwa ce, ta kore ta, alhali ita ce jaririya. Maimaita ta koya wa tata ƙofar ta duba ta ina lamba ta zagayo kafin ta yanke mata shekaru. Duk sabon ma'aikacin da aka ɗauka sai ta zaunar da shi ta zana masa da'ira. Abokin zamanta na teburin gefe, wanda ake kira Tabarau saboda kaurin gilashinsa, shi kuma yake ce mata Yaya, yakan leƙo ya ce, "Kada ka damu, Yaya kanta take karewa. So take a ce ta zagayo ta koma budurwa."

"Kai dai ka nemo idonka tukuna," in ji ta, ba ta ko juyo ba.

A ofishin, babu gyaran da yake shiga wani ɓangare sai mai ɓangaren ya sa hannu. Ƙofa kuwa tun babban ɗanta yana rarrafe take hannunta.

Sai aka kawo sabon manaja. Ba sakarai ba ne. Ya taɓa rubuta manhaja da hannunsa, kuma yana gaida masinja da sunansa. Amma mutum ne da ba ya son ganin tudu ko kwari, daga rigarsa har maganarsa, shi ya sa a bayan idonsa ake ce masa Santsi. Wata safiya ya kira ta, ya juyo mata fuskar kwamfutarsa.

"Malama, zauna. Wannan zanen kamfanin da muke gasa da shi ne." Layi ne miƙaƙƙe sumul kamar an ja zare. Ya danna. "Ga namu." Nasu kuwa kamar bakin tsoho, haƙori nan, fili can.

"Namu yana nuna inda ba mu ji ba, Yallaɓai."

"Na sani. Amma kin san me mai kanti yake yi idan ya ga giɓi? Gabansa ya faɗi, ya kira mu yana faɗa. Wani ya kwashe magani lafiyayye ya zubar, alhali sabis ne kawai ya yi tuntuɓe. Mara lafiya ya zo ya tarar babu. Wannan ma ai cuta ce."

"Cuta ce," ta ce. Ba ta taɓa ƙin gaskiya don ta fito daga bakin da ba ta so ba.

"Madalla. To ga abin da za a yi. A riƙa amsa lamba mafi girma da ta iso. Arba'in da uku ta zo, a ce arba'in da uku. Akwatin ya goge na baya ya huta, batir ya daɗe. Mu kuma mu haɗa layin."

"Arba'in da ɗaya fa?"

"Gabanta sanyi, bayanta sanyi. Me za ta zama in ba sanyi ba?"

Maimaita ta gyara zama. "Yallaɓai, yaushe saƙo ya fi ɓacewa? Lokacin da wuta ta ɗauke. Na'urar intanet ta kanti ta mutu, firij ya mutu, tare suke tafiya. Akwatin yana ciki a kan batir, yana auna ɗumi yana tarawa. Wuta ta dawo, firij ya sake sanyi, hanya ta buɗe. Sabon awo yake fara turowa, sannan ya biyo da na baya. Idan muka amsa masa sabon, ya goge na bayan ke nan. Lambar da ba ta iso ba, ita ce ta ga abin da ya faru."

"Wani lokaci. Ba kullum ba. Da yawansu suna da janareto."

"Masu janareto ba su ne suke damuna ba."

Ta kawo masa wata hanya: a haɗa layin da ɗigo-ɗigo, a rubuta a ƙasa cewa nan ba a auna ba. Ya girgiza kai. Ɗigo ma kira zai jawo, shi kuma kiran ne yake so ya mutu.

"To ba zan sa hannu ba."

"Malama, ba roƙonki nake ba."

"Na sani, ranka ya daɗe. Ni ma ba ciniki nake ba."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ce, a hankali, kamar mai shafa yadi, ta je ta yi tunani zuwa ƙarshen mako. In ta sa hannu, shi ke nan. In ta ƙi, ƙofa za ta koma hannun wani, ita kuma akwai kujera a ƙasa, a ɗakin amsa waya.

Da yamma ta tarar da mijin a baranda, ya kwance bayan fankar ɗakinsu yana goge ƙura, ƙananan kusoshi jere a kan jarida. Ta zauna a kujerar roba ta ba shi labari tun daga farko, a jere, ba tsallake.

"Ikon Allah," ya ce. "Ke kika ƙera firij ɗin? Ke kike ɗauke wutar?"

"A'a."

"To sa musu hannu mana, Gimbiya. Ni da nake tuƙi, sau nawa mai mota ya ce in ce wa masu duba mota birki lafiya..." Ya sosa ƙeya.

"Ka ce?"

"Ban ce ba. Amma ni ai ba a mayar da ni ɗakin waya ba, hutun dole aka ba ni, kika ciyar da mu." Ya hura wani kuso ya ajiye. "Abin da nake nufi, ki ce 'to' a baki, zuciyarki ta ce a'a. Haka duniya take yi ta kwana lafiya."

"Baban yara, tunda kake ka taɓa jin na ce 'to' ban nufa ba?"

"Sau ɗaya na ji kin ce 'to' kin nufa, ga ni nan har yau ina biya."

Ta jefe shi da tsumman da ke hannun kujera, ta yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Ba matsayi take ji ba. Ƙofar take ji. Ta san kowane layi a cikinta yadda uwa ta san tabon da ke gwiwar ɗanta. Ta san wanda ta rubuta tana da ciki, da wanda ta gyara makon da mahaifiyarta ta rasu, hannunta yana aiki idonta yana zuba. Yanzu wani zai shiga da takalmi. Kuma ta san ƙin da za ta yi ba zai tare komai ba. Da hannunta ko babu, layin zai haɗu.

Mijin ya kalle ta ta ƙasan ido, ya ga ta riga ta gama shawara.

"To ki tafi da matashi," ya ce. "Kujerun ƙasa ba su da kirki a kowane ofis."

Ranar ƙarshe, Tabarau ya zo ya tsaya a gefen teburinta yana goge gilashi da bakin riga. In ya cire shi fuskarsa takan zama kamar ta wanda aka tasa daga barci.

"Yaya, an ce ni zan yi."

"Na ji."

"Wallahi ban nema ba. Kin san yara huɗu..."

"Wa ya tambaye ka lissafin gidanka? Jawo kujera." Ta buɗe abin da ya rubuta, ta bi shi da yatsa, ta tsaya. "Nan ka ce a ɗauki wadda ta fi girma. Ranar da ƙidaya ta zagayo sifili fa? Ƙofar za ta maƙale a tsohuwar lamba, ta kori duk sababbin. Kantuna za su yi shiru gaba ɗaya. Gyara."

Ya gyara. "Yaya, kina taimaka min in yi abin da kika ƙi?"

"Ina hana ka ƙara ɓarna a kan ɓarna. In za ka yi ƙarya, aƙalla kada rufin ya faɗo wa mutane."

Da ya gama, gyaran ya zo gabanta neman sa hannu, kamar yadda aka saba. Ta rubuta a ƙasansa: "Na karanta duka. Ban amince ba." Kafin a tashi aiki an cire sunanta daga ƙofa an sa na Tabarau. Ta ɗauki kofinta da shukarta da matashin da mijin ya cusa mata a jaka, ta sauka daga bene a ƙafa, kanta a sama. Fankar nan mai kuka ce kawai ta raka ta.

Ɗakin amsa waya ba shi da taga. Tebura ne a jere an raba su da katako, kowa da abin sawa a kunne, kowa da kati a liƙe a gabansa mai ɗauke da abin da zai faɗa. An sake katin a makon nan. Yanzu cewa yake: idan layi a haɗe yake, a tabbatar wa mai kira komai lafiya. Ta ajiye shukar a ƙarƙashin fitila, ta ce mata, "Sai haƙuri, ke ma an sauko da ke."

Kira ya ragu, kamar yadda Santsi ya faɗa. Masu kanti suna duba waya su ga zare miƙaƙƙe, su ci gaba da harkarsu. Amma ba duka ba. Wata rana wata mata ta kira, muryarta irin ta wadda ta daɗe a bayan kanta, ana jin ƙarar titi a bayanta.

"Baiwar Allah, jiya wuta ta ɗauke mana tun tsakar rana har yamma. Na taɓa firij na ji shi wani iri. Amma wayata ta nuna layi lafiya lau. Ga wani dattijo nan tsaye yana jiran allurarsa. In ba shi?"

Maimaita ta kalli katin. Sannan ta buɗe shafin da yake nuna saƙonnin yadda suka iso, kafin a yi musu kwalliya. Lambobi suna tafiya a jere har tsakar rana, sai suka yi tsalle, suka sauka can gaba. Duk na tsakani babu, kuma ba za su zo ba, domin an riga an ce wa akwatin an karɓa.

"'Yar'uwa, layin a haɗe yake," ta ce. "Amma daga tsakar rana zuwa yamma zana shi aka yi, ba auna shi aka yi ba. Ban san abin da ya faru a firij ɗinki ba. Na'urarmu ma ba ta sani ba. Hannunki da ya taɓa ya fi mu sani."

"To," in ji matar. "Bari in aika shi kantin gaba. Allah ya saka."

Ko maganin ya lalace ko bai lalace ba, Maimaita ba ta taɓa ji ba. Mai yiwuwa lafiyayye aka zubar. Ta san da wannan, kuma ta kwana da shi.

Ba a daɗe ba labari ya hau bene. Santsi ya sauko da kansa, abin da bai taɓa yi ba, ya tsaya a bayan kujerarta. Duk ɗakin aka rage murya.

"Malama, an ce kina gaya wa mutane zanenmu ƙarya ne."

"Ban ce ƙarya ba, Yallaɓai. Kati ya ce in duba ko layi a haɗe yake, na duba na faɗa. Sai na ƙara musu da wanda ya haɗa shi."

"Ba a sa ki ƙari ba."

Ta cire abin kunnen, ta juyo da kujerar gaba ɗaya ta fuskance shi. "To sa ni ragi. Faɗa min da bakinka, a gaban mutanen nan: idan mai kanti ya tambaya ko an auna, in ce an auna. Faɗa in ji."

Ya buɗe baki. Mutum ne da zai iya haɗa layi a kan allo ya kira shi gyara, amma kalmar nan tsirara ta ƙi hawa harshensa. Ya gyara wuyan rigarsa da ba ta karkace ba.

"Ki bi abin da ke kan kati."

"Tsakiyar maganar ce ban ji ba."

"Kin san daga nan babu wani ƙasa sai titi?"

"Titi ai gidanmu ne, ranka ya daɗe. Direba nake aure."

Wani a can ƙarshen ɗakin ya shaƙe dariya ya mayar da ita tari. Santsi ya tsaya kaɗan, sannan ya juya ya hau benensa, takunsa ɗaya bayan ɗaya.

Ba a kore ta ba, ba a kuma mayar mata da ƙofarta ba. Har yanzu layin yana fita sumul a wayoyin masu kanti, Tabarau kuma idan sun haɗu a matakala sai ya cire gilashi ya hau gogewa. Tana nan a ɗakin da babu taga, bisa matashinta, shukar ta karkata wuya wajen fitila. Wani lokaci hannunta yakan yi ƙaiƙayin rubutu, sai ta ɗora shi a cinya ta danne. Amma masu kanti suna magana da juna. Duk ranar da wuta ta ɗauke a wata unguwa, washegari waya takan yi ta ƙara, a ɗauka, a ji murya tana cewa, "Don Allah ba ni matar nan, mai duba lambobi."

Yau ma haka. Wani mutum ne, sabis ɗinsa yana yankewa, maganarsa tana zuwa guntu-guntu: firij, jiya, yara, sai shuuu, sannan "ko ba komai?"

Abu ne mai sauƙi ta ce masa ba komai. Ta danna abin kunnen da yatsa, ta matso da bakinta.

"Malam, farkon na ji, ƙarshen na ji. Akwai abin da ka faɗa a tsakani. Ina nan, ba inda za ni. Maimaita."